Yadda Ake Shirya Zuwa Kasuwannin Kirsimeti na Nuremberg da Strasbourg

Kasuwannin Kirsimeti na Turai, waɗanda ake ganin hotunansu da rumfunan katako da fitilu da ƙatuwar bishiya a tsakiyar dandali, kafin Kirsimeti suke ci, ba ranar Kirsimeti ba. Duk sauran shiri a kan wannan yake hawa. Kasuwar Frankfurt tana tashi ranar 22 ga Disamba. Ta Nuremberg tana kaiwa 24 ga wata, amma ƙarfe biyu na rana ake rufe ta. A Jamus daren 24 na iyali ne a cikin gida: shaguna sukan rufe da azahar, ranakun 25 da 26 kuma hutu ne a ƙasar baki ɗaya. Wanda ya kashe kuɗin jirgi ya sauka ranar 24 zai tarar ana kwance rumfuna, ko wurin cin abinci sai ya sha yawo kafin ya samu a buɗe.

Kasuwannin suna bin makonni huɗun da coci ke kira Advent, wanda Lahadinsa na farko ke faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Lokacin da ya fi dacewa da baƙo shi ne makonni biyun farko na Disamba, daga Litinin zuwa Alhamis. Ranar Asabar da yamma a dandalin Nuremberg ba tafiya mutum yake yi ba, taro ne ke tura shi, kuma mai ƙananan yara ba zai ga komai ba sai bayan rigunan mutane.

Zaɓi garuruwa kaɗan

Kwaɗayin ganin ƙasa biyar a mako guda shi ke ɓata wannan tafiya. Rana gajeriya ce, sanyi yana gajiyar da jiki, kuma kowane canjin gari yana cinye rabin yini. Ga tsarin kwana takwas da ya wadatar: kwana ɗaya a Frankfurt, uku a Nuremberg, uku a Strasbourg ta Faransa, sannan kwana ɗaya na ƙarshe a Frankfurt kafin jirgin dawowa. Daga Nuremberg ana iya zuwa Rothenburg ob der Tauber a dawo a yini guda, daga Strasbourg kuma ana zuwa Colmar cikin kusan rabin awa a jirgin ƙasa. Dresden, mai kasuwar Striezelmarkt da ta samo asali tun 1434, ta cancanci zuwa, sai dai tana can gabas, fiye da awa uku daga Nuremberg. Sai mai kwana goma ko fiye ya sa ta cikin lissafi.

Ka rubuta wannan tsari a takarda da kwanan wata kafin ka taɓa takardar neman biza, domin shi ne zai nuna ofishin da za ka je.

Biza: a fara tun damina

Jamus da Faransa duk suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta isa. Ƙa'ida ita ce a nema a ofishin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta; idan kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za a fara shiga. A tsarin da ke sama Jamus tana da kwana biyar, Faransa uku, saboda haka bizar Jamus za a nema. Wasu sukan nemi ta wata ƙasa don sun ji an ce ta fi sauƙi, alhali ba can za su zauna ba. Jami'in filin jirgi yana da ikon tambayar takardar otal, kuma idan ta saɓa wa bizar yana iya hana shiga. Mazauna Nijar su lura cewa Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, don haka su tabbatar da inda za su kai takardunsu tun kafin su tsara hanya.

Doka ta yarda a shigar da takardu wata shida kafin tafiya, kuma kada ya gaza kwana 15. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Abin da ya fi cin lokaci shi ne samun ranar ganawa, wadda kan yi wuya daga Oktoba. Mai son tafiya farkon Disamba ya fara neman rana a Yuli ko Agusta. Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara shida zuwa ƙasa da sha biyu, ƙasa da shekara shida kuma kyauta. Idan wani kamfani ne ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci, yana da nasa caji daban. Ko an hana biza ba a mayar da kuɗin.

Fasfo dole ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka wuce, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma wa'adinsa ya zarce ranar fita daga Schengen da aƙalla wata uku. Ana bukatar inshorar lafiya ta tafiya da ta kai yuro 30,000, wadda ke aiki a duk ƙasashen Schengen na tsawon kwanakin. Sai takardar kama kujerar jirgi, takardun otal na kowane dare ba tare da giɓi ba, bayanan asusun banki na watannin baya, da wasiƙar wurin aiki mai nuna an ba da hutu, ko takardun rajistar kasuwanci ga ɗan kasuwa. Yara suna bukatar takardar haihuwa, da rubutacciyar amincewar mahaifi ko mahaifiyar da ba za su bi su ba.

Abubuwa uku ne suka fi kayar da mutane. Na farko, kuɗi masu yawa da suka faɗo asusu mako biyu kafin ganawa ba tare da bayanin inda suka fito ba. Jami'in yana neman ya ga kuɗi na shiga da fita a kai a kai, ba tarin aro ba. Na biyu, takardar otal ko ta jirgi ta bogi da wani ɗan tsakani ya haɗa: ana bincika su, kuma wanda aka kama da ita ya ɓata sunansa a nema na gaba. Na uku, rashin hujjar cewa mutum zai dawo gida, wato aiki, kasuwanci, iyali ko kadara. Kada ka biya cikakken kuɗin jirgi da ba a mayarwa sai biza ta fito. Otal kuwa, ka kama wanda ake iya sokewa kyauta, ka kama shi da wuri, saboda ɗakunan tsakiyar Nuremberg da Strasbourg sukan ƙare watanni kafin Disamba. Ranar da ka karɓi fasfo, ka duba kwanakin da aka rubuta a bizar da adadin ranakun zama, tun kana bakin taga.

Jirgin sama da abin da ba a shiga da shi

Lufthansa na tashi kai tsaye daga Abuja da Legas zuwa Frankfurt, tafiyar awa shida da 'yan kai. Daga Kano ana bi ta Alkahira ko Addis Ababa. Jiragen kai tsaye da dare suke tashi su sauka da asuba, alhali yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe uku na rana; ko dai a roƙi otal ya ajiye kaya, ko a saka su a akwatunan haya na tashar jirgin ƙasa. Agogo ba ya bukatar gyara: a Disamba lokacin Jamus da Faransa ɗaya ne da na Najeriya da Nijar.

An haramta shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga waje. Kilishi, dambun nama, man shanu da cuku duk su zauna a gida, ko da tsaraba ce za a kai wa ɗan'uwa. Idan kwastan suka gani za su ƙwace, suna kuma iya cin tara. Kuɗi a hannu da suka kai yuro 10,000 sai an bayyana su. Mai fitowa daga Najeriya ya sayi adaftar soket mai ƙafa biyu zagayayyu, domin filogin ƙafa uku ba ya shiga bangonsu. Batirin cajin waya kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin da za a auna ba.

Sanyi da duhu

Da rana ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin digiri sifili da biyar, da dare ya sauka ƙasa da sifili. Sanyin hunturunmu busasshe ne, rana na ɗagawa ya sake mutum. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana tafe da yayyafi da iska, kuma ba ya tafiya da hantsi. Dusar ƙanƙara ba ta da tabbas a waɗannan garuruwa a farkon Disamba, sau da yawa ruwa ne kawai da gajimare. Wanda dusar ce ta kai shi, tsaunuka ya kamata ya nufa.

Sutura hawa uku ake yi. Na ciki, riga da wando masu manne wa jiki na ulu ko na zaren roba. Auduga tana shan gumi ta riƙe shi, sai jiki ya ɗauki sanyi da zarar an tsaya. Na tsakiya, suwaita. Na waje, jaket mai kauri da ba ya shan ruwa, wanda ya rufe ƙugu. Shadda da atamfa ba sa tare iska, amma ana iya sa su a kan na ciki a ɗora jaket. Mai hijabi ta ƙara hular ulu a ƙarƙashi. Dalilin hawa-hawan shi ne jiragen ƙasa da shaguna da ɗumi sosai, dole mutum ya riƙa cirewa yana mayarwa. Ana samun jaket masu kyau a gwanjo da sauƙin kuɗi fiye da na Turai. Ka riƙe shi a hannu cikin jirgi, kada ya kwana a akwatin da zai iya makara.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ƙafa. Dandalin kasuwannin duwatsu aka shimfiɗa, kuma mai tsayuwa awa biyu a kansu da takalmi mai siririn ƙasa, ta tafin ƙafa sanyi zai shige shi ko da jaket ɗinsa ya kai na kowa. A nemi takalmi mai kaurin ƙasa da ba ya shan ruwa, ya ɗan fi ƙafa girma don safar ulu ta samu wuri; takalmi matsattse yana hana jini gudu, yatsu su ƙara sanyi. Sai safar hannu, hula mai rufe kunne, abin naɗe wuya, da man kaɗanya don leɓe da fata. Waya a aljihun ciki take zama, saboda sanyi na zuƙe batir da sauri.

Rana tana fitowa wajen ƙarfe takwas, ta faɗi wajen huɗu da rabi. Wannan ne ke tsara yini: da safe a shiga coci-coci da gidajen tarihi, a sayi tsaraba a rumfuna kafin azahar lokacin da babu cunkoso, a koma otal a ɗumama jiki, sannan a fito wajen ƙarfe huɗu don ganin fitilu suna kama gari. Ga Musulmi, azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin kusan awa huɗu, don haka otal na kusa da kasuwa ya fi wanda ke bayan gari amfani. Filin jirgin Frankfurt yana da ɗakin salla, Strasbourg kuma tana da babban masallaci a unguwar Heyritz, wanda aka buɗe a 2012.

Jirgin ƙasa

Daga Frankfurt zuwa Nuremberg awa biyu ne da ɗan kai a ICE, jirgin ƙasa mai sauri. Nuremberg zuwa Strasbourg awa huɗu zuwa biyar ne da canji a Stuttgart ko Karlsruhe, Strasbourg zuwa Frankfurt kuma kusan awa biyu. A manhajar DB Navigator ta kamfanin jirgin ƙasan Jamus ana sayen tikiti mai rahusa da ake kira Sparpreis, sai dai jirgi ɗaya tak aka ɗaure shi da shi. Kada ka saye shi don ranar sauka, domin jirgin sama na iya makara ko layin shige da fice ya yi tsawo. Idan kuwa jinkirin daga jirgin ƙasan ne kuma ana sa ran zai kai minti 20, tikitin ya kwance, kana iya hawa wani. Jinkirin awa ɗaya ana mayar da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin, na awa biyu kashi 50. A cikin Jamus tikitin ICE ba ya zuwa da kujera, daban ake biyanta, kuma a Disamba mai iyali ya biya. A cikin Jamus yara 'yan ƙasa da shekara 15 kyauta suke tafiya da babba, amma daga shekara shida sai an rubuta su a tikitin lokacin saye. A bar aƙalla minti 20 tsakanin jirgi da jirgi.

Zuwa Rothenburg, Bayern-Ticket ya fi sauƙi: tikitin yini ne na mutum ɗaya zuwa biyar a ƙananan jirage, yana fara aiki ƙarfe tara na safe a ranakun aiki, kuma ba ya aiki a ICE. Ana canji a Ansbach da Steinach. Ranar tsallakawa Faransa fasfo ya kasance a jikinka, saboda 'yan sanda kan duba takardu a cikin jirgi.

Nuremberg

Kasuwar Christkindlesmarkt tana ci a dandalin Hauptmarkt, rumfuna wajen 180 masu rufin yadi ja da fari, kuma rubutacciyar shaidarta mafi tsufa ta 1628 ce. Ana buɗe ta ranar Juma'ar da ke gaban Lahadin farko na Advent da ƙarfe biyar da rabi na yamma: a kashe fitilun dandali, sai Christkind, wata budurwa 'yar garin da ake zaɓa duk shekara biyu, ta bayyana a barandar cocin Frauenkirche da riga mai ruwan zinariya da kambi, ta karanta jawabin buɗewa. Mai son gani ya kama wuri fiye da awa guda kafin lokaci. Kullum da ƙarfe sha biyu na rana, agogon wannan coci yana fito da mutum-mutumin sarakuna bakwai suna kewaya sarkin sarakuna. Masu yara su wuce Hans-Sachs-Platz, inda aka ware musu kasuwa da lilo da ƙaramin jirgin ƙasa. Kafin magariba a hau tudun fadar Kaiserburg, daga nan ake ganin jajayen rufin tsohon gari.

Tsarabar garin ita ce Lebkuchen, wani biskit mai taushi da zuma da kayan ƙamshi. Mafi daraja shi ne Elisenlebkuchen, wanda aƙalla kashi 25 cikin ɗarinsa almon ne da danginsa, fulawa kuma ba ta wuce kashi goma ba. A saya a gwangwani, ya fi jure hanya.

Abin ci da abin sha

Wanda ba ya cin alade ko ba ya shan giya sai ya buɗe ido, domin su ne suka cika rumfunan. Glühwein, wanda ake kira vin chaud a Faransa, giyar inabi ce da aka ɗumama. Ɗumamawar ba ta kore barasar ba. Eierpunsch da Feuerzangenbowle ma giya ne, "mit Schuss" kuma na nufin an ƙara barasa. Abin da za a nema shi ne Kinderpunsch, ruwan 'ya'yan itace mai zafi da kirfa, ko jus de pomme chaud a Strasbourg. 'Yan ƙananan tsiran Nuremberg da ake sa uku a burodi naman alade ne. Flammkuchen ko tarte flambée ma da gutsattsarin alade a kai, sai an ce a cire. Kalmomin da za a kiyaye su ne Schwein, Speck, Schinken da Schmalz a Jamus, porc, lardons da jambon a Faransa. Burodin Stollen sau da yawa ana jiƙa zabibinsa da barasa, a karanta jikin kwalin.

Duk da haka ba a kwana da yunwa. Akwai Reibekuchen, dankalin turawa da aka goge aka soya, ana ci da markaɗaɗɗen tuffa. Akwai gasasshen kifin salmon da ake kafewa a katako kusa da wuta, da almon mai sukari, da gasassun 'ya'yan Maroni masu ɗumama hannu. A tambayi irin man da aka yi suya da shi. Kewayen manyan tashoshin jirgin ƙasa kuma ba a rasa gidajen abincin Turkawa da Larabawa masu naman halal.

Duk abin sha mai zafi da kuɗin ajiyar kofi yake zuwa, wanda Jamusawa ke kira Pfand, galibi yuro uku zuwa biyar. Ka mayar da kofin a ba ka kuɗinka, ko ka tafi da shi ya zama tsaraba. Idan an haɗa maka da ɗan kwabon roba, sai da shi za a karɓi kofin. Rumfuna da yawa ba sa karɓar kati, don haka a riƙe ƙananan takardun yuro da sulalla, har na shiga banɗaki.

Strasbourg da Colmar

Christkindelsmärik ta dandalin Broglie ta faro ne a 1570, amma yau kasuwar ta bazu a dandali da yawa cikin tsohon gari, wanda ruwa ya kewaye. Babbar bishiya mai tsawon kusan mita 30 tana dandalin Kléber. Rumfunan gaban babban cocin, mai hasumiyar mita 142, su suka fi kyau da dare, su ne kuma suka fi cika. Ƙarfe sha biyu da rabi na rana agogon taurarin da ke cikin cocin yake motsa mutum-mutuminsa, da tikiti ake shiga. Tun bayan harin bindiga da aka kai kusa da kasuwar a Disamban 2018 tsaro ya tsananta: ana iya bincika jaka a gadojin shiga, jirgin cikin gari kuma ba ya tsayawa a wasu tashoshin tsakiya lokacin cin kasuwa. Kada a nufi ciki da babban akwati da yamma. Otal na kusa da tashar jirgin ƙasa ya fi sauƙin kai kaya, idan kuma ɗakuna sun yi tsada a duba Kehl, garin Jamus da ke tsallaken kogin Rhine, wanda layin D na jirgin cikin gari ke zuwa. A tuna kwanan can na Jamus ne a lissafin biza.

Colmar ƙarama ce, titunanta matsattsu, a je ta da safe a ranar aiki. Kasuwanninta sukan zarce Kirsimeti da 'yan kwanaki, saboda haka mai son yin ibadar daren 24 a babban cocin Strasbourg zai samu abin gani bayan bikin. Sai dai ya sayi abincin kwana uku tun ranar 23, domin 26 ga wata ma hutu ne a yankin Alsace, inda Strasbourg da Colmar suke, ya kuma isa coci da wuri don kujeru na cika. A cikin taro, jaka ta koma gaba, fasfo a aljihun ciki, kowane yaro da takarda mai sunan otal da lambar waya a aljihunsa. Lambar neman agaji 112 ce a ƙasashen biyu.

Dawowa

Kwanan ƙarshe a Frankfurt ba ɓata lokaci ba ne: jinkirin jirgin ƙasa ranar tashi na iya jawo asarar jirgin sama, ya kuma sa mutum ya zarce kwanakin bizarsa, abin da ke shiga rajista ya dame shi a nema na gaba. Da yammar ranar sai a zaga kasuwar dandalin Römerberg. Wanda ya yi sayayya a manyan shaguna ya nemi takardar mayar da haraji tun a wurin biya; a Jamus sai sayayyar ta haura yuro 50, a Faransa yuro 100, rumfunan kasuwa kuwa galibi ba sa bayarwa. Kwastan na filin jirgi ne ke buga mata hatimi kuma suna iya cewa a nuna kayan, don haka a je wurinsu kafin akwati ya wuce, a ƙara awa guda a kan lokacin isa filin jirgi saboda layin.